Yadda Ake Tsara Da'irar Aikawa da Karɓar Saƙo a Kan Tagwayen Waya Guda

A lambunan da ke kan hanyar Mirya, da makarantu da gidajen da suka haƙa rijiyar burtsatse a gefen birnin Damagaram, akwai wata buƙata da take yawan kawo mutane wurin masu aikin lantarki. Famfo mai aiki da hasken rana yana bakin rijiya, tankin ruwa kuwa yana can bisa tudu, tazarar mita 500 ko 800, kuma mai wurin yana so na'urar da ke gindin tanki ta riƙa umartar famfo ya tashi ko ya tsaya, shi ma famfo ya riƙa maido bayanin halin da yake ciki. A garin da duwatsun ƙarƙashinsa suka sa ake janyo ruwan sha daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza, ganin tanki yana ambaliya da tsakar rana abu ne mai ciwo. Abin da ake da shi a hannu sau da yawa tagwayen waya ne guda ɗaya da aka riga aka binne, kuma a kansu ake so magana ta je ta dawo. Misalin mita 800 zan riƙe har ƙarshen wannan bayani, domin kowane lissafi ya sami wurin zama.

Wanda ya fara gwada aika saƙo da waya ɗaya da mas, wato layin sifili da ake auna lantarkin na'ura daga gare shi, kamar yadda ake yi a kan teburin gwaji, zai ga abin ya yi aiki a cikin shago ya ƙi a fili. Doguwar waya tana kwasar hayaniyar lantarki daga duk abin da ta ratsa kusa da shi, musamman inbatar famfo, wato na'urar da take juya wutar faifan rana domin ta tuƙa famfon, kuma mai karɓa ba shi da hanyar rarrabe saƙo da hayaniya. Maganin shi ne a aika saƙon a matsayin bambanci tsakanin wayoyi biyu, waɗanda ake kira A da B. Idan A ta ɗara B an aika ɗaya, idan B ta ɗara A an aika sifili. Hayaniyar da ta faɗa wa layi tana ɗaga wayoyin biyu tare ko ta sauke su tare, mai karɓa kuwa tazarar da ke tsakaninsu kaɗai yake dubawa, saboda haka abin da ya shige su daidai wa daida ya ɓace a wurinsa. Dalilin murɗe wayoyin ke nan: murɗin yana sa kowace ta kusanci tushen hayaniya gwargwadon ƴar'uwarta. Wanda ya ɗauki waya ɗaya daga shuɗin tagwaye, ɗaya daga kore, ya zubar da wannan kariya tun kafin ya kunna wuta.

Kafin a sayi ko rezistans ɗaya, wato ɗan abin da yake rage gudun lantarki wanda ake auna turjiyarsa da om, sai an yanke shawara a kan ma'anar zuwa da dawowa. Akwai hanyar karɓa-karɓa, inda ɓangare ɗaya yake magana ɗayan yana saurare, sannan su yi musanya. Akwai kuma hanyar da ɓangarorin biyu suke magana a lokaci guda, kowanne yana cire muryarsa daga abin da yake ji, kamar yadda wayar tarho ta gida take yi. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: ga famfo da tanki da mitar wuta da duk aikin da saƙonsa gajere ne, karɓa-karɓa ita ce daidai, domin musanyar tana faruwa cikin ƴan milisakan, mutum ba ya ko lura. Hanya ta biyu tana da wurinta, kuma zan zo kanta, amma tana cin haƙuri da kayan awo.

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita wajen karɓa-karɓa ita ce RS-485, wadda ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ta fitar a 1983. Ta tanadi cewa mai aikawa ya iya samar da bambancin aƙalla bolt 1.5 a kan nauyin om 54, mai karɓa kuma ya gane saƙo da zarar bambanci ya kai milibolt 200. Ratar da ke tsakanin waɗannan adadi biyu ita ce guzurin tafiya, wato abin da tsawon waya da hayaniya za su ci a hanya. An saba kai layin mita 1200 idan gudun bai wuce bit dubu 100 a sakan ba (bit shi ne ɗaya ko sifili guda da aka aika), kuma ana iya rataya na'urori 32 masu cikakken nauyi a kan tagwaye guda. Ƴar'uwarta ita ce CAN, wadda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986, kuma kanikawan motocin zamani sun san ta. Ita tana raba gardamar wanda zai yi magana da kanta, amma tana buƙatar ƙwaƙwalwa ta musamman, shi ya sa a aikin rijiya aka fi karkata ga RS-485.

Ɗan ƙwayar lantarkin da yake aikawa da karɓa a kan layi ana kiransa aisi, kuma wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne MAX485, mai ƙafa takwas, wanda jerin ƙafafunsa ɗaya ne da na SN75176. Ƙafa ta 8 tana karɓar bolt 5, ta 5 ita ce mas, ta 6 ita ce A, ta 7 kuma B. Ƙafa ta 4, DI, tana haɗuwa da mafitar saƙo ta ƙwaƙwalwar na'ura, ta 1, RO, tana haɗuwa da mashigarsa. Saura ta 2 da ta 3, wato RE da DE, waɗanda ake ɗaure su wuri guda a kai su ƙafa ɗaya ta ƙwaƙwalwa: idan an ɗaga ta aisi yana magana, idan an sauke ta yana saurare. Ƙananan abubuwa uku ne ake yawan mantawa. A sa kondansa mai nanofarad 100 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 5, dab da jikin aisi. A sa rezistans mai om dubu 10 daga DE zuwa mas, domin a lokacin da ƙwaƙwalwa take farkawa bayan ɗaukewar wuta kada aisi ya kama layi ya hana kowa magana. A sa wani mai om dubu 10 daga RO zuwa bolt 5, saboda RO tana sakin jiki gaba ɗaya yayin da aisi yake aikawa, kuma ƙwaƙwalwa za ta iya ɗaukar wannan lilo a matsayin harafi. Idan ƙwaƙwalwar mai bolt 3.3 ce, MAX3485 ne ya dace da ita.

Da za a bi shawarata, ga layi mai tsawo da gudu kaɗan, da an bar MAX485 an nemi MAX487 ko MAX3082. Dalili shi ne MAX485 yana juya layi daga ɗaya zuwa sifili cikin kusan nanosakan 15, domin an yi shi ya kai bit miliyan 2.5 a sakan, alhali MAX487 ba ya yin wannan juyi a ƙasa da nanosakan 250. Kaifin juyi shi ne yake haifar da amsa-kuwwa a kan waya, kuma wanda zai yi aiki da bit 9600 a sakan ba shi da abin da zai yi da wannan kaifi sai wahalarsa.

Musanyar magana

A nan ne aiki da yawa yake lalacewa alhali haɗin waya lafiya lau yake. Dokar ita ce a ɗaga DE kafin bit na farko ya fita, kuma kada a sauke ta sai bit na ƙarshe ya gama barin ƙafar ƙwaƙwalwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sauke ta da zarar shirin ya miƙa harafin ƙarshe ga ma'ajiyar aikawa, alhali harafin bai fita ba tukuna, sai wutsiyar saƙo ta guntule, ɗaya ɓangaren ya yi watsi da shi baki ɗaya. A kan Arduino, ɗan allon ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa shiri, umarnin Serial.flush() yana jira har komai ya fita, kuma bayansa ne ake sauke DE. Idan kuma aka yi jinkirin saukewa, amsar ɗaya ɓangaren za ta taso ta tarar da layi a kame, masu aikawa biyu su yi karo, aisi ya ɗau zafi.

Hanyar kauce wa karo ita ce a naɗa shugaba guda wanda shi kaɗai yake fara magana, sauran ba sa buɗe baki sai an kira lambarsu. Tsarin Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, haka yake aiki, kuma inbatocin famfo da mitocin wuta da yawa suna jin sa. A nau'insa na RTU, shirun da ya kai tsawon haruffa uku da rabi shi ne alamar saƙo ya ƙare. Harafi guda bit 11 ne, saboda haka a gudun 9600 harafi yana cin kusan milisakan 1.15, shirun kuwa kusan milisakan 4. Kowane saƙo yana ɗauke da lambar tantancewa mai bit 16 a ƙarshensa, kuma ko da mutum zai ƙirƙiro nasa tsarin, kada ya yar da wannan lamba, domin ita ce take hana gurɓataccen saƙo ya tayar da famfo a rijiyar da ruwanta ya ja baya.

Bakin layi biyu

Saƙo yana tafiya a cikin waya da saurin kusan mita 200 a mikrosakan guda, wato mita 800 tana cin mikrosakan 4. Idan ya isa ƙarshe ya tarar da waya a buɗe, sai ya dawo baya kamar muryar mai kira a tsakanin duwatsun Birni, ya haɗu da abin da ke tafe. Abin da yake shanye shi shi ne rezistans da aka gitta tsakanin A da B, wanda ƙimarsa ta yi daidai da turjiyar asali ta wayar. Wannan turjiya ba ita ce wadda mita take nunawa ba, siffar wayar ce take haifar da ita, wato kaurinta da tazarar tagwayen da irin robar da ke tsakani. Wayar da aka yi musamman domin RS-485 tana da om 120. Tun da magana tana tafiya ta fuskoki biyu, rezistans biyu ake sawa, ɗaya a kowane bakin layi, kuma biyun nan kaɗai, ko na'urori nawa ne a tsakiya.

Ƙananan alluna masu arha da ake sayarwa ɗauke da MAX485 suna zuwa da om 120 a liƙe a jikin kowanne. Idan aka jera biyar a layi guda, nauyin ya sauko om 24, mai aikawa ya kasa ɗauka. Sai a ɗauki abin liƙin dalma a cire na tsakiya duka, a bar na bakin nan da na bakin can.

Wayar da aka fi samu a kasuwa ita ce ta haɗa kwamfutoci, Cat5e, mai turjiyar asali om 100. Idan aka rufe ta da om 120, abin da zai dawo shi ne 20 a raba da 220, kusan kashi 9 cikin 100, kuma a gudun 9600, inda kowane bit yake ɗaukar mikrosakan 104, wannan ya mutu tun kafin a karanta bit ɗin. Abin da ya fi damuna da wayar kasuwa shi ne ƙarfen cikinta. Ta jan ƙarfe zalla mai kaurin AWG 24 tana da kusan om 84 a kilomita, saboda haka zuwa da dawowa a mita 800 ya kama om 135. Akwai kuma wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, wadda turjiyarta ta fi haka da kusan rabi, ga saurin karyewa a wurin ɗauri. A kankare bakin wayar da wuƙa tun a gaban mai shago, idan cikin ya yi fari a ajiye masa abarsa. Layin kuma ya bi na'urori ɗaya bayan ɗaya kamar zaren carbi, kada a yi masa rassa daga wuri guda. Reshen da ya sauka zuwa na'ura kada ya wuce santimita 30 idan MAX485 ne, amma da MAX487 ana iya kai shi ƴan mitoci.

Lokacin da kowa ya yi shiru

Na taɓa haɗa irin wannan layi a wani lambu, muka gwada da yamma komai ya tafi daidai. Washegari da hantsi yaron da nake koya wa aiki ya kira ni ya ce, “Malam, na'urar tana magana ita kaɗai, ba wanda ya tambaye ta.” Da na je na tarar fitilar karɓa tana ƙyaftawa babu tsayawa tun daga lokacin da rana ta ɗaga inbata ta tashi. Laifin nawa ne, domin ban tanadi lokacin shiru ba. Idan duk masu aikawa sun saki layi, rezistans na bakin layi suna jawo A da B su zama daidai, bambanci ya koma sifili, wanda yake tsakiyar yankin da mai karɓa ba shi da tabbas. Ƴar hayaniya kaɗan ta isa ta zama harafi.

Maganin shi ne a ja A sama zuwa bolt 5 da rezistans ɗaya, a ja B ƙasa zuwa mas da wani mai ƙima ɗaya, domin layi ya zauna a kan ɗaya idan babu mai magana. A gajeren layi lissafin mai sauƙi ne. Om 120 biyu a gefen juna sun zama om 60, kuma idan aka sa om 560 sama da ƙasa, bambancin zai zama 5 sau 60 a raba da 1180, wato milibolt 254, wanda ya haura 200 da ake nema. Allunan nan masu arha suna zuwa da om dubu 20 a wannan gurbi, abin da ba ya ba da ko milibolt 8 a layin da aka rufe bakinsa biyu, saboda haka kada a dogara da su.

A dogon layi lissafin yana canzawa, kuma wannan ne mutane da yawa ba sa dubawa. A mita 800, wanda ya tsaya a bakin nan yana ganin nasa om 120 a gefen om 255 (135 na waya da 120 na can), wato kusan om 82. Da om 560 zai sami milibolt 341 a wurinsa, ya yi murna, amma abin da ya isa bakin can kashi 47 cikin 100 ne kawai, kusan milibolt 160, ƙasa da abin da ake buƙata. Ana iya sauko da rezistans ɗin zuwa om 390, wanda zai kai milibolt 224 can, sai dai wannan ya cinye kusan duk nauyin da ƙa'ida ta yarda mai aikawa ya ɗauka. Idan na'urori biyu ne kacal, ana iya sa om 1200 sama da ƙasa a kowane baki, kowanne ya riƙe nasa gefen a milibolt 238, muddin dukansu suna da wuta. Abin da ya fi duka tsabta shi ne aisi irin MAX3082, wanda aka gusar da iyakar ganewarsa zuwa tsakanin milibolt 50 da 200 ƙasa da sifili, ta yadda yake karanta layin da ya yi shiru, ko ya tsinke, ko ya haɗe, a matsayin ɗaya.

Mas, tsawa da zafi

Ana cewa waya biyu, amma aisi yana auna kowace daga cikinsu ne daga nasa mas, kuma ƙa'ida ta yarda ne kawai su kasance tsakanin bolt 7 ƙasa da sifili da bolt 12 sama da shi. Na'urar da ke bakin rijiya tana jingine da bututun da ya nutse cikin ruwa, ta gindin tanki kuwa tana kan busasshen dutse, kuma babu abin da ya tilasta mas ɗinsu ya zama ɗaya. Idan akwai sauran waya a cikin kebul, a ɗauki wasu tagwayen a haɗa mas da mas, ta cikin rezistans mai om 100 da rabin wat a kowane gefe domin taƙaita abin da zai gudana. Idan kuwa da gaske wayoyi biyu ne kaɗai a ƙasa, to sai a yi amfani da aisi mai keɓewa, irin ADM2587E, wanda ɓangarensa na layi yake da tasa wutar daban, ba ya taɓa mas ɗin na'ura. A wurin da inbata take, ni keɓewar nake zaɓa ko da akwai waya ta uku. Idan kebul yana da rigar ƙarfe, a kai ta ƙasa a gefe ɗaya kawai.

Da damina ta kama, daga Yuli zuwa Satumba, tsawa ba sai ta faɗa kan waya take ɓarna ba, faɗuwarta a kusa ta isa ta cusa wa dogon layi abin da zai ƙone aisi. A sa diyod mai kariya SM712 a bakin shigowar waya, domin an yi shi daidai da iyakokin nan na 7 da 12, a sa rezistans mai om 10 a kan kowace waya tsakaninsa da aisi, sannan a layin da ya fita fili a ƙara bututun gas mai shanye tsawa a gabansu, a kai shi sandar ƙasa da gajeriyar waya mai kauri. Sandar da aka kafa a busasshen yashi ba ta aikin kirki, sai a nema mata wuri mai danshi, kusa da magudanar tanki. Kebul ɗin a zura shi cikin tiyo kafin a binne saboda gara da ɓera da fartanyar mai lambu, a nisanta shi da wayar famfo da aƙalla santimita 30, inda ya zama dole su gitta kuma su gitta a miƙe. Batun zafi gajere ne: MAX485CPA an yi shi ne zuwa digiri 70, MAX485EPA zuwa 85, kuma duk wanda ya taɓa akwatin ƙarfe da ke rana a watan Afrilu ya san wanda zai saya.

Kafin a kunna wuta, a auna tsakanin A da B da mita. A gajeren layi za a ga kusan om 60, a namu na mita 800 kusan 82. Idan aka ga 120, waya ta tsinke ko babu rezistans a can, idan aka ga ƙasa da 50 akwai na tsakiya da ba a cire ba. Bayan an kunna, a auna bambancin lokacin shiru a bakin da ya fi nisa. Idan duk wannan ya yi daidai amma babu amsa, a juya A da B, domin masu ƙera na'urori ba su daidaita a kan sunayen nan ba, A ɗin wani ita ce B ɗin wani, kuma juyawar ba ta ƙona komai.

Idan dole ne a yi magana a lokaci guda

Akwai aikin da ba ya jiran musanya, kamar murya ko saƙon da ba ya yankewa ta fuskoki biyu. A nan kowane ɓangare yana barin mai aikawarsa a kunne koyaushe, yana tura saƙo ta cikin rezistans biyu masu rabin turjiyar waya, wato om 50 a kan kowace idan wayar mai om 100 ce. Waɗannan rezistans su ne kuma marufin layi ga saƙon da ke zuwa daga can. Abin da ke kan A da B yanzu gauraye ne, rabin abin da ka aika da kuma abin da aka aiko maka, aikin da ya rage shi ne cire naka.

A kira mafitan mai aikawa P da N, inda P take ciyar da A, N take ciyar da B. A yi mahaɗa ta farko wadda A take shigowa cikinta ta om dubu 10, N kuma ta om dubu 20. A yi ta biyu wadda B take shigowa ta om dubu 10, P ta om dubu 20. Tun da N kishiyar P ce, kuma abin da ya hau A rabin P ne, su biyun suna kashe juna a mahaɗar, abin da ya saura shi ne saƙon ɗaya ɓangaren, wanda za a kai wa makwatancin lantarki ya mayar da shi ɗaya da sifili.

A takarda abin ya ƙare ke nan, amma waya ba ta tsayawa a om 100. A farkon kowane juyi haka take, amma bayan mikrosakan 8, lokacin da saƙo ya je ya dawo, mai aikawa yana ganin om 135 na jan ƙarfe haɗe da om 100 na can, wato 235. Rabon muryarka a kan layi ya tashi daga kashi 50 zuwa kashi 70 cikin 100, saƙon da ke zuwa kuwa kashi 30 ne kawai ya iso. Idan aka cire 50 aka bar 20, ragowar muryarka ta kai kashi biyu cikin uku na abin da kake son ji. Saboda haka a maye gurbin kowane om dubu 20 da om dubu 10 tsayayye haɗe da wani dubu 10 mai juyawa, a saita su wajen dubu 14.3, sannan a sa ƴar matata mai jinkirin kusan mikrosakan 10 kafin makwatanci domin ta shanye tsinin da ke fitowa a bakin kowane juyi. Wannan yana wadatarwa a gudun 9600. A babban gudu kuwa aisi ne yake koyon amsa-kuwwar layi da kansa yana cire ta, kamar yadda ake yi a 1000BASE-T tun 1999, inda kowane ɗaya daga tagwaye huɗu yake ɗaukar saƙo ta fuskoki biyu, da kuma 10BASE-T1L na 2019, mai kai bit miliyan 10 a sakan har mita 1000 a kan tagwaye guda. Wanda yake buƙatar irin wannan gudu ya sayi aisin da aka yi domin haka. Ita ma da'irar nan ta mahaɗa biyu tana buƙatar keɓewa, kuma idan taransifoma aka sa, sai an sauya fasalin saƙon ya riƙa juyawa a kowane bit, domin taransifoma ba ta wuce da lantarkin da ya tsaya cik.

Wajen saitawa, a sa ɗaya ɓangaren ya kasance a kunne amma ya tsaya a kan ɗaya, kai kuma ka riƙa aika ɗaya da sifili a jere, kana kallon tsakanin mahaɗan biyu a osiloskop, wato na'urar da take zana motsin lantarki a kan allo, kana juya rezistans biyun tare har rawar da ke kan allo ta kwanta iyakar kwanciyarta. Sai a koma can a maimaita. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, saboda haka sauyin digiri 20 yana mayar da om 135 ya zama kusan 146. Wayar da aka binne da zurfi ba ta jin wannan sosai, amma wadda aka rataya a kan sanduna tana ji, shi ya sa idan an saita da azahar sai a dawo a sake dubawa da asuba, a kuma sake leƙawa idan sanyin hunturu ya shigo.